UC-5: Ƙaramin jirgin Jamus da ya dasa nakiyoyi a ƙofar Ingila

A watan Oktoba na 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya bai cika wata uku ba, sojojin Jamus suka mamaye yawancin gaɓar tekun Beljiyam. Garuruwa uku ne rundunar ruwansu ta fi murna da samu: Bruges da ke can cikin ƙasa, sai Zeebrugge da Ostend a bakin teku, kowanne da magudanar ruwa da aka haƙa ta haɗa shi da Bruges. Daga Zeebrugge zuwa Dover, tashar ruwan Ingila da ke bakin mashigin tekun da ya raba ta da Faransa, bai kai kilomita 150 ba. Ta wannan mashigi ne Birtaniya ke tura sojoji da harsasai da abinci zuwa Faransa, ta nan take kwaso waɗanda suka ji rauni, ta nan kuma jiragen kasuwa ke bi su shiga kogin Thames su kai Landan.

Sai dai samun gaɓa daban, samun jirgin da zai yi aiki a cikinta daban. Ruwan wajen ba shi da zurfi, cike yake da tuddan yashi, ga ƙarfin igiya idan teku na cika ko tana janyewa. Manyan jiragen ƙarƙashin teku da Jamus ke da su ba su da yawa, kuma gina sabo yakan ci fiye da shekara. A lokacin kowa na zaton yaƙin ba zai daɗe ba. Don haka aka nemi wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku, mai arha, wanda za a gama cikin 'yan watanni, a kuma iya raba shi gida-gida a ɗora a jirgin ƙasa. A watan Nuwamba na 1914 aka ba da kwangilar guda 15 na masu dasa nakiya. Kamfanin Vulcan na Hamburg ya gina goma, kamfanin Weser na Bremen ya gina biyar. Su ne aka lakaba wa UC-1 zuwa UC-15. Na biyar ɗinsu, wanda aka jefa a ruwa a Hamburg ranar 13 ga Yuni, 1915, aka kuma miƙa wa rundunar bayan kwana shida, shi ne abin nazarinmu.

Yadda jirgin yake

Duk wanda ya karanta siffofin UC-5 a takarda zai raina shi. Tsawonsa mita 34, faɗinsa mita uku da 'yan kai, nauyinsa tan 168 idan yana saman ruwa. Injin dizal ɗinsa guda ɗaya ne mai ƙarfin doki 90, farfelarsa ma ɗaya. A saman ruwa gudunsa bai wuce kilomita 11 da rabi a sa'a ba, idan ya nutse kuma bai cika goma ba, shi ma na ɗan lokaci kafin batir ya mutu. Kusan kowane jirgin dakon kaya ya fi shi sauri. Idan injin nan ɗaya ya lalace a tsakiyar teku, to sai yadda igiya ta yi da shi. Mutum 14 ne ke ciki, a cunkushe a rabin jirgin na baya, domin rabin gaba na nakiyoyi ne. Ba shi da topido, wato makamin da ake harba wa jirgi ta cikin ruwa, ba shi da igwa, bindiga mai jigida guda ɗaya ce kawai. Ko da ya hangi jirgin abokan gaba a gabansa, ba abin da zai iya yi masa illa ya nutse ya ɓuya.

Makaminsa ramuka shida ne da suka ratsa gaban jirgin daga sama zuwa ƙasa a ɗan karkace, kowanne faɗinsa mita ɗaya, kowanne ɗauke da nakiya biyu, ɗaya a kan ɗaya. Goma sha biyu ke nan. Kowace nakiya na ɗauke da kusan kilo 120 na abin fashewa, tana zaune a kan wani ƙarfe mai nauyi da ke riƙe da ita da waya. Idan aka sake ta, ita da ƙarfen sukan nutse tare har ƙasan teku. Akwai wani toshi da ke narkewa a ruwa. Idan ya narke sai nakiyar ta rabu da ƙarfen, ta taso tana jan wayarta har ta kai zurfin da aka saita mata, ta tsaya a nan. A kanta akwai ƙahoni na darma, cikin kowanne da 'yar kwalba mai ruwan batir. Da jirgi ya goge ƙahon ya lanƙwasa shi, kwalbar ta fashe, ruwan ya zuba kan wasu ƙarafa ya haifar da wutar lantarki, shi ke nan.

A nan ne aibin ƙirar yake, kuma ba ƙarami ba ne. Ramukan a buɗe suke ga ruwan teku, ma'aikata ba su da hanyar taɓa nakiyoyin daga ciki. Dole tun a tasha a saita zurfin da kowacce za ta tsaya. Kyaftin ba shi da ikon sauya shawara ya kai su wani wuri mai zurfi daban, alhali a Mashigin Ingila bambancin tsayin ruwa tsakanin cikar teku da janyewarta yakan kai mita shida ko fiye. Nakiyar da aka saita sama da yawa, da ruwa ya janye sai ta leƙo kowa ya gan ta. Wadda aka saita ƙasa da yawa, jirgi ya bi ta kanta lafiya lau. Mafi muni, tunda ramukan a gaba suke kuma ta ƙasa ake sakin kayan, tilas ne jirgin ya bi ta kan kowace nakiya da ya saki. Idan toshin ya saki da wuri, ko wani abu ya maƙale, nakiyar takan taso ƙarƙashin mai ita. Haka UC-12 ya tarwatse a bakin tashar Taranto ta Italiya a watan Maris na 1916, bayan ya yi wani zama yana jigilar makamai zuwa ga 'yan Sanusiyya a gaɓar Libiya.

Dalilin da ya sa ya yi ta'adi

Raina kama ka ga gayya. Wannan jirgi da ba ya iya bin kowa, a cikin wata goma kacal ya yi fita 29, kuma nakiyoyinsa sun nutsar da jirage kusan 30, jimillar girmansu wajen tan dubu 36. A ganina, sirrin ba a jikin jirgin yake ba. Yana cikin tsarin da Birtaniya ta shimfiɗa don kare kanta.

Rundunar da ke gadin Dover, wadda Admiral Reginald Bacon ya karɓi jagorancinta a watan Afrilu na 1915, ta zuba ragar ƙarfe da nakiyoyinta a faɗin mashigin. Amma ba za a rufe teku ruf ba, dole a bar wa jiragen gida da na ƙawaye hanya. Sai aka ware musu layuka ƙayyadaddu, aka yi musu alama da gangunan ƙarfe masu shawagi da jiragen fitila da ke tsaye wuri ɗaya dare da rana. Kusa da Folkestone, garin da ke maƙwabtaka da Dover, har wata ƙofa aka yi tsakanin jiragen fitila biyu, aka wajabta wa jiragen kasuwa su bi ta ciki. Manufar ita ce a san wanda ya shiga da wanda ya fita, a kuma taƙaita faɗin ruwan da za a riƙa sharewa. To amma mai ɗana tarko ba ya bin barewa cikin daji, hanyar mashaya yake nema. Abin da Birtaniya ta yi shi ne ta nuna wa Jamusawa mashayar, ta kuma kunna musu fitila a kanta. Kyaftin ɗin da ba shi da wata na'urar gane wuri sai kamfas da agogo da taswira, da ya hangi jirgin fitila ya san daidai inda yake, ya kuma san inda jiragen gobe za su bi.

Rundunar Flanders, wato ta jiragen ƙarƙashin tekun Jamus da ke gaɓar Beljiyam, wadda aka kafa a ƙarshen Maris na 1915 ƙarƙashin Karl Bartenbach, ta gane haka da wuri. UC-11 ne ya fara, a ƙarshen watan Mayu, ya zuba nakiyoyinsa kusa da jirgin fitilar South Goodwin, washegari jirgin yaƙin Birtaniya Mohawk ya taka ɗaya. Yadda suke aikin kusan iri ɗaya ne kullum. A fito daga Zeebrugge, a yi tafiyar dare a saman ruwa don injin dizal ya caja batir, a ƙetare raga lokacin da teku ta cika ta rufe ta. Idan gari ya waye ko an ga 'yan sintiri, a nutse, sau da yawa ma a kwanta a ƙasan teku a jira duhu. Da an isa wurin a saki kayan ɗaya bayan ɗaya, ana shigar da ruwa cikin tankuna don cike gurbin nauyin da ya fita, kada jirgin ya yi tsalle ya bayyana. Sai a juyo gida a ɗauko wasu goma sha biyun.

Kyaftin na farko na UC-5 shi ne Herbert Pustkuchen, matashin hafsa mai ƙarfin hali. A watan Agusta na 1915 ya zama na farko cikin masu dasa nakiya da ya ratsa shingen Dover ya shiga cikin Mashigin Ingila sosai, ya zuba goma sha biyunsa a bakin Boulogne, a gaɓar Faransa. Ranar 21 ga watan jirgin William Dawson ya taka ɗaya ya nutse. Cikin makon farko na Satumba ya koma, wannan karon har da bakin Folkestone, inda ranar 8 ga wata Monarch ya nutse, jirgin hukumar gidan waya ta Birtaniya mai shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin teku da gyaranta.

Akwai kuma dalili na siyasa, wanda ba a cika ambata ba. Bayan an nutsar da jiragen fasinjan Birtaniya biyu, Lusitania a watan Mayu na 1915 da Arabic a watan Agusta, dukansu da topido kuma da Amurkawa a ciki, gwamnatin shugaban Amurka Wilson ta matsa wa Jamus lamba ƙwarai. A watan Satumba aka janye manyan jiragen topido daga Mashigin Ingila da yammacin Birtaniya. Masu dasa nakiya kuwa ba wanda ya hana su aiki. Topido yana da mai shi: akwai kyaftin da ya leƙa ta madubi, ya ga jirgin, ya ba da umarni. Nakiya kuwa takan fashe bayan kwana ɗaya ko mako guda, wanda ya dasa ta yana Bruges. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta hana dasa nakiya a gaɓar abokan gaba idan manufar kawai tare jiragen kasuwa ce, amma Jamus tun a lokacin ta ƙi amincewa da wannan sashe, kuma ko ba haka ba, wace hanya ce a mashigin Dover jiragen yaƙi ba sa bi?

Jirgin asibiti Anglia

Ranar 17 ga Nuwamba, 1915, jirgin asibiti Anglia ya taso daga Faransa zuwa Dover ɗauke da sojoji kusan 390 da suka ji rauni. Kafin yaƙi jirgin fasinja ne na kamfanin jirgin ƙasa, yana zirga-zirga tsakanin Holyhead a Wales da Ailan, kuma yawancin ma'aikatansa mutanen Holyhead ne. Makonni biyu kafin wannan rana shi ne ya mayar da Sarki George na Biyar gida bayan doki ya kayar da shi a wajen duba sojoji a Faransa. An shafe shi da farin fenti, da koren layi da jajayen alamun asibiti, kamar yadda dokar ƙasa da ƙasa ta tanada.

Da misalin sha biyu da rabi na rana, kimanin mil ɗaya gabas da ƙofar Folkestone, ya taka nakiya. Ta fashe a gabansa, ya fara nutsewa da ka, cikin kusan minti goma sha biyar ya tafi. Yawancin waɗanda ke ɗakunan ƙasa a kwance suke, wasu an yanke musu ƙafa, wasu an ɗaure musu karaya, ba mai iya hawa matakala da kansa. Jiragen da ke kusa suka rugo, ciki har da jirgin yaƙi Hazard da wani jirgin dakon kwal wanda, abin mamaki, shi ma sunansa Lusitania. Wannan ya sauke kwale-kwalensa ya fara tsamo mutane, sai shi ma ya taka wata nakiyar daga cikin jerin, ya nutse. Fiye da mutum 130 suka mutu a Anglia, da sojoji, da ma'aikatan jirgin, da ma'aikaciyar jinya Mary Rodwell. Da aka gwada bayanan ɓangarorin biyu daga baya, aka gano nakiyoyin UC-5 ne.

Pustkuchen bai auna jirgin asibiti ba, bai ma gan shi ba. Amma ban ɗauki wannan a matsayin wanke shi ko waɗanda suka aike shi ba. Wanda ya zuba nakiya a ƙofar da ya san kowa ta nan yake bi, ya riga ya yarda da duk wanda ta samu. Birtaniya ma ta dasa nakiyoyi masu yawa a Tekun Arewa, jiragen ƙasashen da ba ruwansu da yaƙin sun sha taka su. Bambancin kawai shi ne ita takan sanar da yankin, Jamusawan Flanders kuwa amfanin aikinsu gaba ɗaya a rashin sanarwar yake.

Nauyin share wannan ɓarna ya faɗa kan masunta. Rundunar ruwan Birtaniya ta karɓi ɗaruruwan jiragen kamun kifi daga garuruwa irin su Grimsby da Hull da Lowestoft, da mutanensu a ciki. Jirage biyu sukan ja waya ɗaya a tsakaninsu, ta kamo wayar nakiya ta tsinke ta ko ta ja ta, idan ta taso a harbe ta da bindiga. Kowace safiya sai an share layukan kafin a bar jiragen kasuwa su wuce, kuma kowace safiya masu sharar ne na farko a kan hanyar. Da yawa cikin jiragen da ke jerin waɗanda UC-5 da 'yan uwansa suka nutsar irin waɗannan ƙananan ne. Wannan ma riba ce ga Jamus da ba ta fitowa a lissafin tan: mutum 14 sun tilasta wa ɗaruruwa aikin kullum, sun kuma sa ana rufe tashoshi na sa'o'i ko kwanaki.

A watan Disamba na 1915 Pustkuchen ya bar jirgin. Shi ne daga baya, yana kyaftin ɗin UB-29, ya harbi jirgin fasinja Sussex da topido ranar 24 ga Maris, 1916, abin da ya kusa jawo Amurka cikin yaƙin tun a shekarar. Ya mutu a 1917 tare da dukan mutanensa a UC-66. Wanda ya gaje shi a UC-5 shi ne Ulrich Mohrbutter.

Tudun yashin Shipwash

Ba jirgin yaƙi ne ya kayar da UC-5 ba, ba raga ba ce, ba kuma nakiya ba. Ranar 27 ga Afrilu, 1916, yana kan hanyar zuba kaya a wajen Harwich, tashar ruwa a gabashin Ingila, ya hau tudun yashin Shipwash, ruwa kuma yana janyewa. Irin wuraren da aikinsa ke kai shi ke nan kullum: kusa da gaɓa, cikin ruwa maras zurfi, tsakanin tuddan da igiya ke sauya wa siffa. Da injin doki 90 da farfela ɗaya ba yadda za a yi ya fizge kansa. Jirgin yaƙin Birtaniya Firedrake ya iso ya same shi a kafe. Mohrbutter ya sa aka lalata takardu aka kunna abubuwan fashewar da aka tanada don rusa jirgin, mutanensa suka faɗa ruwa, aka tsamo su aka kama. Abubuwan sun fashe sun huda jikinsa, amma nakiyoyin da ke ramuka ba su tashi ba, kuma jirgin da ke zaune a kan yashi ba shi da inda zai nutse.

Aikin ɗauko shi ya fi kama shi haɗari, domin sai da aka tabbatar nakiyoyin ba za su zame su faɗo ba kafin a ɗaga shi. An ɗauki makonni ana fama, daga bisani aka kai shi Harwich aka toshe hujojin. Ta fuskar sirri ba wani sabon abu mai girma aka samu ba. Tun watan Yuli na 1915 masu nutso suka binciki gawar UC-2 a gaɓar gabashin Ingila suka ga ramukan, har Birtaniya ta riga ta mayar da wasu jiragenta na ƙarƙashin teku masu dasa nakiya. Ita ma Jamus ta riga ta wuce wannan ƙira. Sabbin UC II da suka fara fitowa a 1916 suna da inji biyu, nakiya 18, topido da igwa, kuma an gina 64. Na farkon kuwa ƙarewa suka yi ɗaya bayan ɗaya. UC-8 ya kafe a gaɓar Holan aka riƙe shi, UC-13 ya kafe a Baƙin Teku, UC-10 jirgin Birtaniya ya harbe shi da topido, Italiya ta tsamo UC-12 ta gyara ta yi amfani da shi, UC-4 kuwa Jamusawa da kansu suka rusa shi da za su bar Flanders a 1918. Cikin sha biyar ɗin babu ko ɗaya da ya ga ƙarshen yaƙin a hannun Jamus.

Amfanin UC-5 ga Birtaniya na farfaganda ne, kuma ya zo a kan gaɓa. Kwana biyu bayan kama shi sojojinta suka miƙa wuya ga Turkawa a Kut, a Iraƙi. Ƙarshen Mayu aka yi gumurzun jiragen yaƙin Birtaniya da na Jamus a Jutland, wanda jama'a ba su ga nasara a cikinsa ba. Ranar 5 ga Yuni ministan yaƙi Lord Kitchener ya mutu a jirgin Hampshire, wanda ya taka nakiyar da wani babban jirgin ƙarƙashin teku, U-75, ya dasa a wajen tsibiran Orkney. Ranar 1 ga Yuli aka fara yaƙin Somme a Faransa. Mutane na jin labarin jiragen nan kullum, amma kusan ba wanda ya taɓa ganin ɗaya da idonsa. Sai aka jawo UC-5 cikin kogin Thames aka ɗaure shi a Temple Pier, tsakiyar Landan, da tutar rundunar ruwan Birtaniya a saman ta Jamus. Jama'a suka yi ta layi suna biyan kuɗi su gan shi, kuɗin kuma aka ba ƙungiyoyin agaji.

Da Amurka ta shiga yaƙin a watan Afrilu na 1917, aka raba shi gida uku aka tsallaka da shi Tekun Atilantika. A watan Oktoba aka ja guntayen ta titunan New York zuwa filin Central Park, aka haɗa su, aka raɗa masa sabon suna mai kiran mutane su sayi takardun lamunin yaƙi. Abin da ke ran Amurkawan da suka je kallo shi ne Lusitania da topido da jiragen da ke farautar fasinja a tsakiyar teku, alhali abin da ke gabansu bai taɓa harba topido ko ɗaya ba, kuma man da ke tankinsa ba zai kai shi ko rabin hanyar New York ba. Masu shirya taron ba su damu da wannan bambanci ba. Zagaye na biyu na lamunin, wanda aka yi a wannan wata, ya tara wa gwamnatin Amurka dala biliyan 3.8.